Daga gidan biki zuwa Glastonbury: Yadda ƙungiyoyin jitar Nijar ke sauyawa a hanyarsu ta hawa manyan dandamali

A ƙarshen watan Yuni, hankalin mutanen Roumbou da ke gundumar Dakoro a jihar Maraɗi yana kan hadari. Manomi na jiran ruwan shuka, makiyayi kuma na shirin kora dabbobi zuwa arewa kafin gero ya taso a fara rigimar ɓarna.

A daidai wannan makon ne wata gonar shanun madara da ke kudu maso yammacin Ingila ke kawar da shanunta gefe, ta karɓi mutum kusan 200,000 na tsawon kwana biyar. Wannan shi ne bikin Glastonbury, ɗaya daga cikin manyan tarukan kiɗa na duniya, wanda wani manomi mai suna Michael Eavis ya fara a 1970. A shekarar farko fam ɗaya aka biya kuɗin shiga, har da kyautar madara. A 2024 tikitin ya kai fam 355, wato sama da sefa dubu 250.

A wannan shekarar ta 2024 wani ɗan yankin Azawak na jihar Tawa, maƙwabciyar Dakoro, ya hau ɗaya daga cikin dandamalin bikin da rawani a kansa da jita a hannu. Sunansa Mahamadou Souleymane, amma duniya ta fi saninsa da Mdou Moctar. Ba shi ya rufe taron ba, kuma sunansa na can ƙasa a takardar talla. Sai dai hanyar da ya bi har ya kai wurin tana nuna yadda ƙungiyoyin kiɗan Nijar ke girma, da abin da suke sauyawa a hanya, da kuma abin da ba sa yarda su saki.

Wane ne ke rufe taro?

Duk wanda ya taɓa zuwa kalankuwa ko babban bikin aure a ƙasar Hausa ya san tsarin. Ƙananan makaɗa ne ke buɗe fage tun da sauran haske, babban makaɗi kuwa sai dare ya raba, wuri ya cika, masu liƙi sun hallara.

Haka abin yake a Turai da Amurka, illa dai su a rubuce yake. Sunan mai rufe taro ne a saman takardar talla da manyan haruffa, shi ake bai wa kuɗi mafi tsoka da lokaci mafi tsawo, kuma sunansa ne ake sa ran zai sayar da tikiti. A Glastonbury, babban dandamalin da ake kira Pyramid na da irin waɗannan gurabe uku kacal a shekara: daren Juma'a da na Asabar da na Lahadi.

A 2024 Dua Lipa da Coldplay da SZA ne suka samu guraben. Coldplay ta fara wasa a bikin ne a 1999 a wata rumfa ta sababbin ƙungiyoyi. Ta rufe babban dandamali a karon farko a 2002, sannan a 2005 da 2011 da 2016 da 2024, karo biyar ke nan, abin da babu wanda ya taɓa yi. Mutum huɗun da suka fara tare su ne har yau.

Mawaƙan Afirka ma na matsowa kusa. Fela Kuti ya yi wasa a can tun 1984. Wizkid ya rufe dandamali na biyu mafi girma a 2023, yayin da Burna Boy da Ayra Starr da Femi Kuti suka hau Pyramid a 2024.

Daga Nijar kuwa, waɗanda suka fi samun shiga irin waɗannan taruka su ne masu jitar Abzinawa. Kusan dukkansu a gidajen biki suka koyi aikin.

Waƙar da aka naɗa a Sakkwato

Mdou Moctar ya tashi a gidan da ba a son kiɗa. Da ya ga wasan marigayi Abdallah Oumbadougou, wanda ake ɗauka a matsayin uban jitar Abzinawan Nijar, sai ya haɗa tasa jitar da katako da wayar birkin keke. Bahago ne, kuma da hagun yake kaɗawa har yanzu.

Abin da masu sauraronsa da yawa a Turai ba su sani ba shi ne, kundinsa na farko mai suna Anar a Sakkwato aka naɗe shi a 2008. An yi shi ne da salon waƙoƙin finafinan Hausa na wancan lokaci: gangar na'ura, da muryar da kwamfuta ta murɗa ta yi zaƙi. Ba a sayar da shi a shago ba. Daga waya zuwa waya ya bazu ta Bluetooth da katin memori, kamar yadda waƙa ke yawo har gobe a kasuwannin ƙauye irin ta Sakabal, hedikwatar ƙaramar hukumar Roumbou, inda masu cajin waya ke tura wa mutum waƙoƙi a kan 'yan kuɗi kaɗan.

A cikin irin waɗannan wayoyi ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji waƙar "Tahoultine", ya sa ta a wani kundi da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar na waƙoƙin da ya tattaro daga wayoyin mutanen Sahara. Sai da ya yi ta cigiya kafin ya gano mai waƙar.

Daga nan sauyi ya fara. A 2015 Mdou ya fito a wani fim na harshen Tamashek da aka ɗauka a Agadas. A 2019 ya fitar da Ilana, kundinsa na farko da cikakkiyar ƙungiya a ɗakin naɗar sauti. Ƙungiyar ta zauna a kan mutum huɗu: shi kansa, da Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim a ganga, da Mikey Coltun, Ba'amurke, a jitar bes. Na'ura ta koma gefe, kiɗan ya ƙara sauri da ƙara.

Waƙoƙin ma sun sauya fuska. Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024, waɗanda kamfanin Matador na New York ya fitar, sun taɓo mulkin mallaka da rawar da Faransa ta taka a ƙasar da take haƙar yuraniyom, da kuma fargabar ɓacewar harshen Tamashek. A watan Afrilun 2024 ƙungiyar ta yi wasa a bikin Coachella na jihar Kaliforniya, wata biyu kafin Glastonbury.

Auren da aka ɗaura a Essakane

Labarin da ya fi kusa da mutanen Dakoro shi ne na Etran Finatawa. Yankin Dakoro da Bermo da Gadabeji matattara ce ta Fulani Woɗaaɓe da Abzinawa da Hausawa. A nan ƙasar noma ke ƙarewa, ƙasar kiwo ta fara, a bakin kwarin Tarka. Rijiya ɗaya ake sha, kasuwa ɗaya ake ci, kuma a kan ruwa da makiyaya akan samu saɓani.

A 2004 aka gayyaci ƙungiyoyi biyu daga Nijar zuwa bikin Festival au Désert a Essakane, kusa da Tambutu a ƙasar Mali. Ɗaya ta Abzinawa ce masu jita, Etran N'Guefan, ɗayar kuma ta Woɗaaɓe ce masu waƙar baki da tafi, Finatawa. Sun hau dandamali tare, abin ya karɓu, sai suka dawo Yamai a matsayin ƙungiya ɗaya. Sunan ma rabawa aka yi, kowane ɓangare ya kawo kalma ɗaya.

Haɗin ya buƙaci kowa ya sassauta. Waƙar Woɗaaɓe, irin wadda ake ji a gerewol, muryoyi ne ke hawa kan juna babu kayan kiɗa masu tsirkiya, kuma takan ɗauki tsawon lokaci. Jitar Abzinawa kuwa tana tafiya ne a kan bugun tende. Sai da aka gajarta waccan, aka buɗa wannan, aka shigo da ƙwaryar da ake kifawa a ruwa ana bugawa da kacau-kacau na ƙafa, sannan aka samu sautin da ya fito a kundinsu na farko a 2006. Kundin ya kai su jerin waɗanda aka zaɓa don lambar yabo ta kiɗan duniya ta gidan rediyon BBC a 2007.

Sun fara ne da mutum goma. Da tafiye-tafiye suka yi yawa, sai adadin ya yi ta raguwa har ya koma kusan rabi. Lissafin ba ɓoyayye ba ne: kowane mutum ɗaya tikitin jirgi ne da biza da ɗakin otal, kuma mai shirya biki a Turai ba ya ƙara kuɗi don ƙungiya na da yawa. Sun fitar da Desert Crossroads a 2008, Tarkat Tajje a 2010 da The Sahara Sessions a 2013. Daga baya mai jitarsu Alhousseini Anivolla ya kafa tasa ƙungiyar mai suna Anewal.

Bikin da ya haɗa su kuwa ya mutu. An fara shi a 2001, an yi na ƙarshe a watan Janairun 2012, sannan yaƙi ya ci arewacin Mali. A lokacin da masu ɗauke da makamai suka haramta kiɗa a garuruwan da suka kama, ƙungiyar Tinariwen, wadda ta samu lambar Grammy a 2012, sai a hamadar Kaliforniya ta je ta naɗi kundinta na gaba.

Yaron da ya zama jagora

Omara Moctar, wanda aka haifa a 1980 a yankin Agadas, ya samu laƙabin Bombino ne saboda shi ne ƙarami a ƙungiyar maigidansa Haja Bebe. Kalmar ta samo asali daga yadda Italiyawa ke kiran yaro.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Makaɗan fada da na jama'a duk ta hanyar amshi suke tasowa. Musa Ɗanƙwairo ya yi wa mahaifinsa da yayansa amshi kafin ya ja tasa ƙungiyar, kuma bayan rasuwarsa a 1991 'ya'yansa suka ci gaba da kiɗan. Ɗan amshin yau shi ake sa ran zai riƙe ƙungiyar gobe.

Bombino bai samu wannan gadon cikin kwanciyar hankali ba. Lokacin tawayen 2007 hukumomi sun ɗauki jitar Abzinawa a matsayin muryar 'yan tawaye, an kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa, shi kuma ya tsere zuwa Burkina Faso. A can wani mai shirya fim Ba'amurke, Ron Wyman, ya same shi. A watan Janairun 2010 ya koma gida ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas don murnar dawowar zaman lafiya.

Kundinsa Agadez ya fito a 2011. Nomad na 2013 a birnin Nashville aka naɗe shi ƙarƙashin Dan Auerbach na ƙungiyar The Black Keys. Ya yi wasa a Coachella a 2014, kuma da Deran na 2018 ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa a jerin 'yan takarar Grammy. A tsakanin waɗannan shekaru masu mara masa baya sun sauya sau da dama, har ya shigo da ɗanɗanon rege a kiɗansa.

Ƙungiyar alƙali

Ba kowace ƙungiya ce ke raguwa don ta yi tafiya ba. Tal National, wadda Hamadal Issoufou Moumine da aka fi sani da Almeida ya kafa a Yamai a 2000, ta bi wata hanyar. Almeida ya yi aikin shari'a da rana, yana kaɗa jita da dare.

Ƙungiyar na ajiye makaɗa fiye da waɗanda ke hawa dandamali a lokaci ɗaya. Wasansu a Yamai kan ɗauki sa'o'i biyar, don haka ake karɓa-karɓa, kuma idan gayyata ta haɗu sukan rabu biyu su yi wasa a wurare biyu a dare ɗaya. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek. Sun riga sun yi suna a gida, suna sayar da faifansu a shataletalen Yamai, kafin kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da Kaani a 2013, sai Zoy Zoy a 2015 da Tantabara a 2018.

Etran de l'Aïr ta Agadas ita kuma ƙungiyar 'yan'uwa ce da aka kafa a 1995. Ta shafe fiye da shekara 20 tana kiɗan aure da suna a unguwannin talakawa kafin kundinta na farko ya fita waje a 2018.

Mata ma sun shigo. A ƙauyen Illighadad da ke yankin Abalak, Fatou Seidi Ghali ta koyi jita a ɓoye da ta ɗan'uwanta. Ƙungiyarta, Les Filles de Illighadad, ta ɗauki waƙoƙin tende, waɗanda asali na mata ne, ta ɗora su a kan jitar da maza suka mamaye. Kundinsu Eghass Malan na 2017 ya kai su Turai da Amurka.

Tsadar hanya

Kafin ƙungiya ta kai ga saman takardar talla, sai ta yi shekaru tana dawowa gaban masu kallo ɗaya, tana cika ƙananan zauruka kafin manya. A nan ne makaɗin Nijar ke biyan abin da takwaransa na Landan ba ya biya.

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. An rufe iyakoki da sararin samaniya, kuma juyin mulkin ya rutsa da Mdou Moctar da abokansa biyu suna tsakiyar rangadi a Amurka. Sun maƙale a can, har sai da masoyansu suka yi musu karo-karo ta intanet. A wannan zaman jiran ne suka shiga wani ɗakin naɗar sauti a Brooklyn suka sake kaɗa waƙoƙin Funeral for Justice da jitar da ba ta lantarki ba. Shi ne kundin Tears of Injustice da ya fito a farkon 2025, mai sanyi da kewar gida.

Ga kuma batun takardu. Daga watan Afrilun 2024 Amurka ta ƙara kuɗin neman izinin aiki na masu wasa daga dala 460 zuwa sama da dala 1,600 a wasu lokuta, kafin a zo maganar lauya da kuɗin gaggawa. Ƙungiyar da aka hana mutum ɗaya biza, ko dai ta nemi ɗan aro a can, ko ta soke rangadin gaba ɗaya.

Ina makaɗan Hausa?

Tambayar da matashin Maraɗi ko Kano zai yi ita ce: me ya sa waƙar Hausa, mai masu sauraro miliyoyi daga Damagaram zuwa Kumasi da Jidda, ba ta cika bayyana a waɗannan taruka ba?

Wani ɓangare na amsar yana cikin yadda sana'ar ta sauya. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da makaɗan kalangunsa da 'yan amshinsa yake tafiya. Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, da matanta masu ƙwarya take. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 kuwa, masana'antar finafinai ta mayar da waƙar Hausa aikin mutum biyu: mawaƙi da mai fiyano a situdiyo. Hakan ya sauƙaƙa kuɗi, ya kuma buɗe wa dubban matasa ƙofa. Amma a yawancin wasannin sallah, mawaƙi kan hau dandamali ne shi kaɗai, sautin na fitowa daga na'ura.

Masu shirya manyan bukukuwan waje, musamman ɓangaren da ke ɗaukar makaɗan Sahel, sun fi neman ƙungiyar da za ta kaɗa komai a gaban ido na sa'a guda. Akwai kuma zaɓin 'yan kasuwar can, waɗanda tun bayan nasarar Tinariwen suka gano cewa hoton rawani da rairayi da jita yana sayuwa. Wannan ya taimaki wasu, ya kuma taƙaita abin da Bature ke ɗauka a matsayin kiɗan Nijar, alhali ƙasar na da gurmi da goge da algaita da kiɗan kokawa da rap.

Nijar ta taɓa zuba jari a wannan fanni. Gasar Prix Dan Gourmou da aka fara a 1987 ta ba ƙungiyoyin jihohi fagen gwada kansu, kuma cibiyar koyar da kiɗa ta El Hadj Taya da ke Yamai ta horar da makaɗa da dama. Daga cikin wannan yanayi ne ƙungiyar Mamar Kassey ta Yacouba Moumouni ta fito a 1995, tana haɗa sarewar Fulani da molo da kalangu da jitar zamani. Sai dai yaron da ke Roumbou ko Dakoro yana da tafiyar ɗaruruwan kilomita tsakaninsa da irin wannan cibiya, kuma tsirkiyar jita ma sai an aiko masa daga birni.

Fagen da bai rufe ba

Abin da ya haɗa Bombino da Mdou Moctar da Tal National da Etran de l'Aïr shi ne, kafin kowa ya san su a waje sun yi shekaru suna kiɗa a gaban mutanen da ba sa tafi don kunya. A gidan biki, idan kiɗa bai yi ba mata ba za su tashi rawa ba, kuma ba za a sake gayyatar mai kiɗan ba. Janareta na iya mutuwa, lasifika na iya fashewa, dole a ci gaba. Saurin da ƙarfin da ke ba Turawa mamaki a kiɗan Agadas a nan aka ƙera su, kuma Mdou Moctar kan koma ƙauyuka ya yi wasa a fili idan ya dawo daga rangadi.

Glastonbury kan tsallake shekara ɗaya lokaci zuwa lokaci don ƙasar gonar ta huta, kamar yadda manomi ke barin saura. An yi haka a 2012 da 2018, an kuma ware 2026 don irin wannan hutu.

A Nijar kuwa, idan damina ta ja baya a watan Satumba, makiyayan da suka tashi daga kudu, har da na yankin Dakoro, kan hallara a Ingal don bikin lasar gishiri na Cure Salée. Da rana ana tseren raƙuma, mata na buga tende, samarin Woɗaaɓe na jera layi da kwalliya. Da dare ake tayar da janareta a jona jita, ƙananan ƙungiyoyi su fara, manya su biyo baya.